Jinin da ya ƙi ɗaukewa bayan sa ashana: nazarin lamarin wata mata mai shekara 29

Matar da abin da aka sa mata

Shekararta 29, haihuwarta huɗu, duka suna raye. Ba ta taɓa ɓari ba, ba a kuma taɓa yi mata wankin ciki ba. Lokacin da ta je ɗakin tazarar haihuwa na wani asibitin gwamnati a arewacin Najeriya, autanta yana da wata 11 kuma yana kan nono. Al'adarta ta dawo tun yana wata 9: kwana 5 take yi, duk bayan kwana 28 zuwa 30, ba gudaji, ba ciwon mara mai kwantarwa. Nauyinta kilo 58. Gwajin hawan jini ya nuna 110 bisa 70.

Ta zaɓi ashana mai ƙwara ɗaya, Implanon NXT. Siririyar roba ce mai tsawon santimita 4 da kaurin milimita 2, ɗauke da miligiram 68 na etonogestrel. Wannan magani furojestin ne, wato homon na haɗi da ke kwaikwayon furojestaron ɗin jikin mace. Ana cusa robar ƙarƙashin fatar damtse, tana tsiyayo maganin a hankali: maikrogiram 60 zuwa 70 a rana a makonnin farko, 35 zuwa 45 a ƙarshen shekarar farko, 25 zuwa 30 a ƙarshen ta uku. Tana hana ƙwai fita, tana kuma kaurara majinar bakin mahaifa. Babu istrojin, ɗaya homon ɗin jikin mace, a cikinta ko kaɗan.

An sa mata a damtsen hagu, rana ta 3 da fara al'adarta. Ba a auna yawan jininta ba a ranar. Bayanin da ta samu game da jini shi ne al'ada tana iya canzawa. Duk kwanaki da watannin da za a ambata a ƙasa daga wannan rana aka ƙirga su.

Aikin da ashanar ta tarar ana yi a mahaifa

A jikin baligi jijiyoyin jini ba sa tsirowa sababbi sai in an ji rauni ko wani ƙari ya fito. Shimfiɗar mahaifa, wato naman da ke shafe cikinta, tana cikin 'yan wuraren da suka fita daban. Duk wata takan zubar da kusan kashi biyu cikin uku na kaurinta, sannan ta sake ginuwa daga tushen da ya rage, da jijiyoyinta, ba tare da tabo ba. Bayan al'ada kaurinta bai fi milimita 2 zuwa 4 ba. Gab da fitar ƙwai takan kai 8 zuwa 12. Bayansa tana iya kai 16.

Masu ba da umarnin wannan gini wasu furotin ne da ƙwayoyin halittar shimfiɗar ke fitarwa, waɗanda za mu kira sinadaran tsiro. Babbansu VEGF. A 1983 Donald Senger da Harold Dvorak, a birnin Boston na Amurka, suka gano shi a matsayin abin da ke sa jijiya yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara ya tace shi a matsayin abin da ke tsirar da jijiya. Daga baya aka gane abu ɗaya ne mai fuska biyu: jijiyar da VEGF ya tsirar da yoyonta take fitowa.

Wanda ya san ginin ƙasa zai gane sauran bayanin cikin sauƙi. VEGF mai jera tubali ne. Yana sa ƙwayoyin da ke shafe cikin jijiya su hayayyafa, su miƙe, su zama bututu mai bango layi ɗaya. Wannan bututu ba ya jure komai sai an yi masa yaɓe. Sinadarin PDGF-B shi ke kiran wasu ƙwayoyi da ake ce wa perisait su zo su nannaɗe shi daga waje. Anjiyopoyetin na 1, wanda ake taƙaitawa da Ang-1, yana shiga ta wata ƙofa mai suna Tie-2 ya ɗaure bangon da masu nannaɗe shi. TGF-beta yana taimakawa tsoka ta kewaye jijiyoyin da suka fi girma. Akwai kuma Ang-2, kishiyar Ang-1: ƙofarsu ɗaya, amma shi sassauta ɗaurin yake yi, kamar magini ya kankare yaɓe don ya ƙara ɗaki. Idan VEGF na wurin, sassautawar sai ta zama sabon tsiro. Idan babu shi, jijiyar sai ta shanye ta ɓace.

Homon ne ke kaɗa musu ganga. A rabin farko na wata istrojin yana ɗaga VEGF, jijiyoyi su miƙe tare da shimfiɗar da ke kauri. A rabin ƙarshe furojestaron yana nunar da su: jijiyoyin nan masu murɗa-murɗa kamar igiya su ƙara tsawo, su yi tsoka. Idan ciki bai shiga ba furojestaron sai ya faɗi, sinadaran furostagilandin da endotelin su sa tsokar ta matse jijiyoyin. Joseph Markee ya ga wannan da idonsa a 1940, lokacin da ya dasa 'yar shimfiɗar mahaifa cikin idon birai: jijiyoyin sukan tsuke awa 4 zuwa 24 kafin jini ya ɓalle. Tsukewar tana rage iskar oksijin a saman shimfiɗar, ƙarancin iskar ya tayar da wani furotin mai suna HIF-1, shi kuma ya kira VEGF a fara gyara tun jini bai ɗauke ba. A 2018 Jacqueline Maybin da Hilary Critchley, a birnin Edinburgh na Birtaniya, suka nuna cewa matan da ke zubar da jini da yawa suna da ƙarancin HIF-1 a kwanakin al'ada. Don haka al'ada mai lafiya birki biyu gare ta: tsokar da ke matse jijiya, da gyaran da ke rufe wurin da wuri.

Kwana 1 zuwa 90

Ragowar al'adar da aka sa ashanar a cikinta ta ƙare bayan kwana 2. Daga nan shiru har kwana na 42.

A kwana na 43 jini ya zo, ba mai yawa ba, audugar mata 2 a wuni, wani lokaci ja wani lokaci ruwan ƙasa. Ya yi kwana 19. Ya ɗauke kwana 6, ya dawo, bai sake tsayawa ba har kwana na 90. Ke nan daga kwana na 43 zuwa na 90 ta ga jini a kwana 42. A binciken ashana, duk zubar da ta wuce kwana 14 a jere ana lissafa ta doguwa. Ita ta yi irin wannan sau biyu a wata ukun farko.

Abin da ya fara damunta salla ce. Malamarsu ta Islamiyya ta bayyana mata cewa a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce istihala ce, ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Wannan ya warware mata hukunci, bai rage mata wankin ƙyallaye da kuɗin auduga da takurar da ta shiga tsakaninta da maigida ba.

A kwana na 75 ta koma inda aka sa mata. Aka taɓa damtsen, ashana na nan inda take. Aka ce ta yi haƙuri jiki zai saba. Ba a ba ta magani ba, ba a yi gwaji ba.

Wata na 4: kemis

Mai kemis ya ce sanyi ne. Ya ba ta ampicillin da cloxacillin haɗe, da metronidazole, na kwana 7, ya kuma yi mata allurar bitamin K kwana 3 a jere. Jini bai canza ba. Ta haɗa da jiƙon maganin sanyi na gargajiya na mako biyu. Shi ma haka.

Da ta koma sai ya ba ta norethisterone, wanda aka fi sani da Primolut N, miligiram 5 sau uku a rana na kwana 10. A rana ta 3 jinin ya tsaya. Kwana 2 bayan ta gama ƙwayoyin ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba, da gudaji, auduga 5 zuwa 6 a wuni, har kwana 8, sannan ya koma ɗigon da ya saba.

A ƙarshen watan wani ƙaramin asibitin kuɗi ya ce mataccen jini ne ya taru, sai an yi wankin ciki. Ba a yi mata sikanin ba kafin a faɗi haka. Yayar mijinta, tsohuwar unguwarzoma, ta hana. Ta ce da ita, “Ƙanwata, kada ki bari a taɓa mahaifar nan sai an ga abin da ke ciki.” Ita ta kai ta babban asibiti.

Wata na 5: bincike

Ta zo da kasala, jiri idan ta miƙe, da haki in ta ɗebo ruwa. Tafin hannunta da cikin fatar idonta sun yi fari. Likitar mata ta bi abubuwan da dole a kawar kafin a ɗora wa ashana laifi.

Gwajin ciki bai nuna ciki ba. Da aka buɗa aka duba bakin mahaifa, lafiya lau yake: ba gyambo, ba tsiro, ba ya jini in an taɓa, kuma shafa ruwan binega, gwajin neman alamar kansa, bai nuna farin tabo ba. Ba ruwa mai wari, ba zafi in an motsa mahaifar. Sikanin ta gaba ya nuna mahaifa mai girman da ya dace, ba ƙari a tsokarta, ba tsiro a cikinta. Kaurin shimfiɗar milimita 3. A gidan ƙwai na dama akwai ƙullin ruwa mai faɗin milimita 28, irin wanda kan fito wa masu ashana ya baje da kansa. Himogilobin, awon yawan jini, giram 9.6, PCV (kason jajayen ƙwayoyin jini cikin 100) 29. Ga macen da ba ta da ciki, himogilobin ƙasa da 12 ƙarancin jini ne. Ƙwayoyin daskarar da jini adadinsu daidai. Ba ta da tarihin haɓo ko zubar jini bayan haihuwa. Ba ta shan maganin tarin fuka, na farfaɗiya ko na ƙanjamau. An yi wannan tambaya ne saboda rifampicin, carbamazepine, phenytoin da efavirenz suna sa hanta ta cinye maganin ashana da wuri.

Aka rubuta cewa zubar jini ce da furojestin ya haddasa, tare da ƙarancin jini matsakaici.

Abin da ake nufi da wannan an daɗe ana bincikensa, musamman a kan Norplant, ashanar da ta gabaci wannan. Furojestin da ba ya hawa ba ya sauka yana hana shimfiɗar kauri, yana kuma rage jinin da ke ratsa ta. Ƙarancin iskar da ya kamata ya zama na 'yan kwanaki sai ya zama na kullum. A 2002 Graciela Krikun da Charles Lockwood da abokan aikinsu suka nuna cewa a irin wannan hali Ang-1 yana raguwa a kan Ang-2, alhali VEGF na nan. Ma'ana ana ta jera tubali, ana ta kankare yaɓe, ba a sake shafawa. Peter Rogers a Melbourne da Martha Hickey da Ian Fraser a Sydney, duka a Ostareliya, sun bayyana yadda jijiyoyin suke: suna kwance a saman shimfiɗar, sun buɗe fiye da kima, bangonsu siriri, tsokar da ke kewaye da su ta ragu, kuma da kyamarar duba mahaifa ana ganin suna fashewa da 'yar taɓawa. Ga kuma wasu sinadaran narkar da nama da ake kira MMP, waɗanda fararen ƙwayoyin jini ke ƙara yawansu a wurin, suna cin ɗan abin da ya rage yana riƙe jijiyoyin. Jinin ba daga duk shimfiɗar yake fita lokaci guda ba kamar al'ada. Nan ya fashe ya warke, can ya fashe, shi ya sa yake jan kwanaki.

Aka ba ta kati ta riƙa yin alama kullum: gicciye ranar da ta sa auduga, ɗigo ranar da ta ga ɗan tabo kawai. Aka fara mata ƙwayar ƙarin jini ta ferrous sulphate miligiram 200 sau ɗaya a rana, da gargaɗin kada ta sha shi da shayi. Don jinin kuma aka ba ta ibuprofen miligiram 800 sau uku a rana bayan abinci, kwana 5, yadda littafin tazarar haihuwa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanada. A rana ta 4 jini ya tsaya. Ta sami kwana 9 tsaf, ya dawo. Ta kuma yi ƙorafin zafin ƙirji da na ciki, don haka ba a maimaita ba.

Wata na 6: ƙwayar haɗi, kati ɗaya

Kafin a ba ta istrojin aka sake tantancewa: hawan jini 112 bisa 72, ba ta shan taba, ba ta ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ba ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ba, yaron ya wuce wata 6 da daɗewa. Aka ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗe da ethinylestradiol maikrogiram 30 da levonorgestrel maikrogiram 150, ɗaya kullum, kwana 21, ashana na nan a hannunta.

A ranar ta ce da ma'aikaciyar jinya, “Sista, ni dai a cire mini, na gaji.” Aka ce, “Malama, ki daure a gwada wannan tukuna, ashanar ko shekara ba ta yi ba.” Ta amince.

Jini ya tsaya a rana ta 3, bai dawo ba har ta gama katin. Ta yi jinin ajiye ƙwaya na kwana 5, ta sami kwana 12 babu komai, sai ɗigo ya dawo ya yi kwana 17.

Wata na 7: doxycycline

A lokacin ta yaye yaron. Aka gwada doxycycline miligiram 100 sau biyu a rana, kwana 5. Ba don kashe ƙwayoyin cuta aka ba ta ba. Maganin yana danne MMP. Aka ce ta raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa 3, domin sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana kama shi a hanji ya hana shi shiga jiki. Jinin ya ɗauke kwana 1 bayan ta gama, ya dawo bayan kwana 7. Himogilobin 10.1.

Wata na 8 zuwa 10: ƙwayar haɗi, kati uku

Aka koma ƙwayar haɗi, kati uku a jere, kwana 21 na sha da kwana 7 na hutu. A wata ukun katinta ya nuna jini sau uku kawai, kowanne a makon hutu, kwana 4, 5 da 4. Jiri ya tafi. Himogilobin a ƙarshen wata na 10 ya kai 11.5.

Wata na 11: cirewa

Aka tsayar da ƙwayar don a ga ko shimfiɗar ta daidaita. Kwana 16 bayan jinin ƙarshe ɗigo ya dawo. Da ya kai kwana 10 ta zo ta sake neman a cire, aka cire a ranar.

Aka laluba ashanar, aka danna ƙarshenta na sama har na ƙasa ya tasa fata. Aka sa allurar kashe zafi ta lidocaine ƙasa da mililita 1 a ƙarƙashin bakin robar, ba a samanta ba, don kumburin allura kada ya ɓoye ta. Aka tsaga fata milimita 2, aka turo ta, aka kama da ƙaramin hantsaki aka zare. Aka auna: santimita 4 cif, ba abin da ya karye ya rage. Bandeji mai matsewa na awa 24, filasta na kwana 5.

Maganin ashana yana fita daga jini cikin mako guda, kuma yawancin mata ƙwai kan dawo musu cikin mako uku zuwa huɗu. Ita ba ta son ciki tukuna. An ajiye zancen robar mahaifa mai jan ƙarfe saboda tana ƙara yawan jinin al'ada, ita kuwa jininta bai gama cikowa ba. Allurar wata uku furojestin ce zalla, kuma in an yi ta ba a iya zare ta. Ta zaɓi ƙwayar haɗin da ta riga ta sani, ta fara a ranar.

Wata na 12 zuwa 15

Ɗigon ya tsaya a rana ta 4. Daga nan jini yana zuwa duk kwana 28, kwana 4, auduga 2 zuwa 3 a wuni. A wata na 14 himogilobin 12.7. Aka ce ta ci gaba da ƙwayar ƙarin jini wata 3 don ma'ajiyar ƙarfen jikinta ta cika. Sikanin wata na 15 ya nuna ƙullin ruwan ya baje, kaurin shimfiɗar milimita 4.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Awo biyu ne suka fi komai bayyana lamarin. Tana zubar da jini, shimfiɗar milimita 3. Ta warke, milimita 4. Kaurin kusan ɗaya ne, don haka matsalar ba ta taɓa zama ta yawan abin da ke cikin mahaifa ba. Ingancin bangon jijiyoyin ne ya canza.

Da wannan za a auna magungunan wata na 4. Maganin kashe ƙwayoyin cuta bai sami abin kashewa ba. Bitamin K yana gyara jinin da ba ya daskarewa saboda rashinsa, nata kuwa yana daskarewa daidai. Bangon da jinin ke bi ne ke tsagewa a sabon wuri kullum. Norethisterone furojestin ne aka ɗora kan furojestin. Yawansa ya riƙe shimfiɗar na ɗan lokaci, da aka janye shi homon ya faɗi farat ɗaya, jiki ya karanta faɗuwar a matsayin umarnin al'ada, a kan jijiyoyin da ba su da tsokar matsewa. Kwana 8 ɗin nan na gudaji sun ci mata jini fiye da makonnin ɗigo.

Wankin cikin da aka so yi shi ne mafi haɗari a cikin duk abin da aka kawo. Shimfiɗa mai milimita 3 babu abin kwashewa a cikinta. Ƙarfen kankara ba abin da zai tarar sai tushen da sabuwar shimfiɗa da jijiyoyinta ke tsirowa daga gare shi, kuma in aka ci wannan tushe bangon mahaifa na iya mannewa da juna, abin da ake kira ciwon Asherman, mai kawo ɗaukewar al'ada da wahalar samun ciki. Ko da an tsira daga haka, abin da zai sake tsirowa ƙarƙashin furojestin ɗin nan zai tsiro, da irin jijiyoyin da aka kankare.

Ibuprofen da doxycycline ba kuskure ba ne. Na farko yana rage furostagilandin, na biyu yana danne MMP, kuma kowanne ya taɓa wani sashe na gaskiya na matsalar. Amma bayan kwana 5 sun fita daga jiki, siginar da ke hana jijiyoyi nuna tana nan tana tsiyayowa daga damtse. Haka bincike ya nuna game da irin waɗannan magunguna: suna iya gajarta zubar da ake ciki, ba sa sauya yadda watanni masu zuwa za su kasance. A kan doxycycline ma sakamakon ya rabu: ƙaramin gwajin farko da Edith Weisberg da abokan aikinta suka yi a Ostareliya ya nuna amfani, babban gwajin da suka biyo da shi bai tabbatar ba. Nata jinin ya tsaya ne bayan ya riga ya yi kwanaki, don haka ba za a rataya tsayawar a wuyan maganin ba.

Ƙwayar haɗi ce kaɗai ta taɓa tushen, domin ta dawo da abu biyu da ashana ta ɗauke. Na ɗaya istrojin, wanda ke sa fatar saman shimfiɗar ta rufe wuraren da suka fashe. Na biyu hawa da sauka: makon hutu yana zubar da saman shimfiɗar gaba ɗaya, a fara gyara daga tushe, maimakon fashewa nan da can. Muddin ashana na hannu, ana janye ƙwayar abin ke dawowa, an ga haka a wata na 6 da na 11. Bayan cirewa bai dawo ba.

Akwai abin da ya kamata a yi daban tun farko. Alƙaluman da aka tattara daga gwaje-gwajen Implanon, waɗanda Diana Mansour da abokan aikinta suka wallafa a 2008, sun nuna cewa cikin mata 100 kimanin 22 al'ada ke ɗauke musu, 34 tana yi musu jefi-jefi, 18 suna doguwar zuba, 7 tana zo musu akai-akai, kuma 11 suna cirewa saboda jini. Sun kuma nuna cewa wadda wata ukun farko suka yi mata wuya, kusan rabin irinta ne ke samun sauƙi daga baya. Da an gaya mata wannan ranar sawa, an auna jininta, an ba ta kati da ranar dawowa, da wuya ta ƙare a kemis. Kalmar haƙuri a kwana na 75 ba ƙarya ba ce, amma an faɗe ta ba magani, ba gwaji, ba ranar komawa.

Wuri na biyu shi ne wata na 6. Ta nemi a cire, da himogilobin ƙasa da 10, bayan kusan wata huɗu tana jini. Gwada kati ɗaya a lokacin yana da hujja, tunda ta yarda. Amma da jinin ya dawo bayan katin, amsar ta riga ta fito, kuma kamata ya yi a sake ɗora mata zaɓin cirewa a gabanta a fili. Ba a yi ba. Ta shafe wata uku tana shan ƙwaya kullum don ta iya zama da ashanar da aka sa don kada ta sha ƙwaya kullum. Cewa robar ba ta yi shekara ba lissafin kaya ne, bai kamata ya rinjayi buƙatar mai hannun ba.

Wannan bai sa ashana ta zama mummunar hanya ba. A hana ciki tana sahun gaba: ƙasa da mace 1 cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara, alhali a ƙwayar haɗi, yadda mutane ke shanta da mantuwa, kusan 7 ne cikin 100. Sauyin da ya tsayar mata da jini ya rage mata kariya, kuma an gaya mata haka dalla-dalla. Ta haɗa shan ƙwayar da sallar isha'i. In ta manta ɗaya, ta sha da zarar ta tuna ta ci gaba. In ta manta uku ko fiye a jere, ta ci gaba da sha amma su yi amfani da kwaroron roba kwana 7. Ana ba ta kati uku a kowane zuwa, a gwada hawan jininta, a duba katin alamunta.